Asalin Zaman Kan Dutse a Ƙasar Kumbashi

Kumbashi gari ne a ƙasar Kwantagora, cikin Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, can arewa wajen da iyakar Neja ta kusanci Kabi da Zamfara. Ƙasa ce ta duwatsu. Da damina, in dawa ta yi kai, sai ka ga dutse baƙi ƙirin ya taso daga tsakiyar gonaki kore shar, hazo na kwance a ƙugunsa da sassafe. Baƙon da ya daure ya hau irin waɗannan duwatsu yakan tarar da abin da bai zata ba: jerin duwatsun da aka ɗora da hannu, gurbin ɗakuna, ramukan niƙa da suka yi santsi a jikin fa, tsingaro warwatse, da tsofaffin kukoki. Nan take yakan tambaya, me ya kai mutane zama can sama, alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa, ga ruwa?

To, ku sani masu wannan ƙasa tun fil azal su ne Acifawa. Su kuwa Acipu suke kiran kansu, harshensu Cicipu, dangin harshen Kambari. Maƙwabtansu su ne Kambarin nan, da Kamukawa, da Dukkawan Rijau, da Dakarkarin Zuru. Acifawa ba su da yawa, masu nazarin harsuna suna ƙiyasta masu jin harshen da kamar mutum 20,000. Amma sun kasu rassa bakwai, kowane reshe da dutsensa da karin harshensa: Karishen, Kadonho, Mazarko, Kadedan, Maburya, Kakihum, sa'an nan Kumbashi. Karishen, wanda su suke ce wa Korisino, shi ne babba, yana ƙasar Sakaba ta Jihar Kabi. Ba'acife in zai gaya maka ko shi wane ne, da sunan dutsen kakanninsa zai fara.

Game da mafarinsu, an ce a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wani sarki a gabas ana kiransa Kisra. Aka kira shi zuwa Musulunci, ya ƙi. Da ya ga ƙasa ta yi masa zafi, sai ya kwashi jama'arsa ya yiwo yamma. Suna tafe suna yada zango, duk inda suka sauka sai waɗansu su gaji su zauna, saura su wuce. An ce Karishen na cikin wuraren da ya sauka, daga zuriyarsa kuma sarautar dutsen ta samo tushe. Sauran ayarin suka ci gaba har suka ƙetare Kwara, 'ya'yansa suka kafa Busa da Nikki da Illo a ƙasar Bargu. Wani jami'in Turawan mulki, A. B. Mathews, ya bi diddigin wannan labari ya rubuta shi.

Mai karatu ya riƙe labarin nan da hannu biyu, amma kada ya haɗiye shi ɗanye. Kisra laƙabi ne da Larabawa suke kiran sarakunan Farisa da shi, kuma Kisran da ya yayyage wasiƙar Manzo a ƙasarsa ya mutu, a shekarar 628, ɗansa ne ya sa aka kashe shi. Bai taɓa ganin Kwara ba. Harshen Acifawa ma shaida ne, domin ba shi da haɗi da Farisanci, 'yan'uwansa duk suna nan kewaye da shi. Abin da labarin yake nunawa, a ganina, shi ne Karishen wuri ne mai girma a idon mutanen da, har masarautu manya irin na Bargu suka yarda a ambace shi tare da su cikin zance ɗaya. Tsohuwar Busa kuwa yau tana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968. Dutsen Karishen yana nan inda yake.

Bayan wannan sai zamanin Katsinawa. Kafin jihadi, ikon Katsina da fataucinta sun miƙo kudu ƙwarai, zuwa yankin da ake kira Katsina Laka, wajen su Birnin Gwari da Kuyambana da Kwatankwaro. Ta nan fatake suke bi da jakunansu zuwa Nufe da Yawuri. Da su Hausa ta fara shigowa, da sunayen sarautu, da kasuwa. Mutanen dutse suna saukowa su sayar da abin da suka noma, su sayi gishiri da kanwa, kafin rana ta faɗi su koma sama.

Mutane da yawa in an tambaye su me ya hau da ƙabilun nan kan duwatsu, sai su ce Nagwamatse. Wannan rabin gaskiya ce. Ya tarar da su a can. Dutse wurin kakanni ne, can kaburbura suke, can wuraren tsafi suke, can ake naɗa sarki. Amma a zamaninsa ne zaman dutse ya zama batun rai da mutuwa.

Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunan nasa daga ribaɗin Gwamatse ya samo shi, inda aka fara ajiye shi. Mutum ne mai zuciya, wanda Sakkwato ta kasa riƙewa wuri guda, har dai ya yi kudu neman ƙasar kansa. A 1859 aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kwantagora. Ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sa'an nan a 1880 Ibrahim Nagwamatse ya hau. Ƙarfin sabuwar masarautar a kan doki yake, arzikinta kuwa a kan bayi. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, rafuka suka janye, sai mahaya su fita. Ƙauyen da ke fili, ko dai ya kai gaisuwa ya riƙa biya, ko a wayi gari babu shi. Gwari da Kambari da Kamukawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Turawa sun ruwaito cewa da aka nemi Ibrahim ya bar harin bayi, sai ya kwatanta kansa da kyanwar da ba a raba ta da kamun ɓera. Su Turawan suna da dalilinsu na baƙanta shi, tunda ƙasarsa suke so, amma kufan da suka cika dajin ba su ne suka ƙirƙira su ba.

Doki kuwa ba ya hawan fa. Wannan shi ne dukan sirrin. Hanyar hawa ɗaya ce ko biyu, ƙunci gare ta, mutum ɗaya ɗaya ake bi. 'Yan baka kaɗan da kibau masu dafi, da samari masu mirgino duwatsu, sun isa su tsayar da rundunar da a fili ba mai iya kallonta. Sai dai tsaron nan da tsada aka saye shi. Ruwa da rani sai mata sun sauka sun ɗauko, su hau da shi. Gonaki suna gindin dutse, ana noma ana waige, an ajiye mai gadi a kan tsauni yana duban ƙurar dawaki. Dawar da aka girbe dole a hau da ita dami dami, domin rumbun da aka bari a ƙasa na mahara ne. Fili ya yi kaɗan, ɗaki na jingine da ɗaki. Baƙon yau da ke tsayawa a ƙoli yana yaba nisan da ido ke kaiwa, ya tuna cewa saboda wannan nisan hange aka zauna a wurin.

A watan Janairu na 1901 sojojin Turawa, a ƙarƙashin Lugga, suka ci Kwantagora. Ibrahim ya fice, aka kama shi a 1902, aka kuma mayar da shi gadonsa a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929, amma hari ya ƙare. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba. Duk da haka ba a sauko rana ɗaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da fari bukkar gona aka riƙa yi a ƙasa, a kwana can da damina, da rani a koma sama. Sannu a hankali bukka ta zama gida, gida ya zama unguwa. Turawa su ma sun fi son mutane a fili, inda mai karɓar haraji zai same su ba tare da ya yi haki ba. Kasuwa da hanyar mota da makaranta da rijiya suka ƙarasa aikin. Tsofaffi ne suka yi ta jan ƙafa.

Rabon ƙasa kuma ya ratsa tsakaninsu. A 1976 da aka kafa Jihar Neja, Kumbashi da Kakihum da Maburya suka zauna cikinta tare da Kwantagora, ƙasar Zuru kuwa, har da Sakaba da Karishen, ta bi Sakkwato, daga baya a 1991 ta faɗa Kabi. Musulunci ya yaɗu, Hausa ta shiga gidaje, yara da yawa da ita suke tashi. Wani masanin harsuna daga Landan, Stuart McGill, ya zauna cikinsu ya rubuta nahawun Cicipu, ya kammala digirinsa na uku a kai a 2009. A Karishen in lokacin bukukuwan gargajiya ya zo, mutane sukan hau, dutsen ya cika, a yi kiɗa da rawa, in an gama a sauko.

Wanda ke son ganin waɗannan wurare ba ya kama hanya haka kawai. Sai ya fara gaida mai gari, a haɗa shi da ɗan ƙasa, domin akwai inda baƙo ba ya takawa, akwai dutsen da ba a zama a kai. Ya kuma tambayi lafiyar hanya tun daga Kwantagora ko Bangi, saboda a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Mariga, suna kore shanu suna kama mutane don kuɗin fansa. Su a kan babura suke zuwa, da bindigogin da ke cin nesa, kuma mutanen ƙauyukan da aka tasa yanzu cikin manyan garuruwa suke gudu.