Dagi a Matsayin Ƙa'ida: Rubutun Kwamfuta da Surfanin Inji a Fagge da Sabon Gari

Tsakure

Maƙalar ta duba zanen da ake samarwa ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, ta auna shi da aikin surfanin inji a Fagge da Sabon Garin Kano. Hujjarta ita ce siffofin adon Hausawa ƙa'idoji ne da ake iya rubutawa, amma launinsu ba ya shiga allon kwamfuta cikin sauƙi.

Gabatarwa

Tun 1965 Georg Nees da Frieder Nake suka baje zanen kwamfuta a Stuttgart ta Jamus, Vera Molnár ta bi sahu a 1968. A 2001 Casey Reas da Ben Fry suka fito da manhajar Processing domin masu zane. Abin da ya haɗa su shi ne mai zane ba ya jan layi da hannunsa; doka yake kafawa, na'ura ta ja.

A Fagge, inda Kantin Kwari ke ciyar da teloli da shadda, da Sabon Gari mai shagunan ɗab'i, kwamfuta ta daɗe da shiga sana'a. Sai dai hanyar da aka saba ita ce a kwafi hoton ado, a bi gefensa a manhaja, a tura wa inji. An ɗauki surar ke nan, an bar dokar da ta haife ta.

Siffa

A jera ɗigo layi-layi, a ja zare a karkace tsakaninsu, duk inda ya iso gefe ya juyo, yana hawa yana nutsewa bi da bi. Paulus Gerdes, a nazarinsa kan zanen yashi na mutanen Chokwe a Angola, ya nuna cewa yawan madaukan da za su fito shi ne babbar lambar da ke raba tsawo da faɗin jerin ba saura. Ɗigo 2 sau 2 zai ba da madaukai biyu sarƙaƙƙu, wato mafi sauƙin nau'in dagi. Ɗigo 3 sau 4 kuwa zare ɗaya ne tal zai zagaye su ya koma mafarinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai inji, domin zare ɗaya na nufin allura ba za ta yi tsalle ba, ba kuma yanke-yanke. Manhajar TurtleStitch, wadda Andrea Mayr-Stalder ta assasa a Vienna, tana mayar da irin wannan umarni kai tsaye zuwa sawun allura. Aska biyu da aska takwas na babbar riga ma haka suke: siffa ɗaya ce ake maimaitawa ana sauya tsawonta.

Haske da launi

Nan ne gizo ke saƙar. Allon kwamfuta haske yake fitarwa: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, jimillar launuka 16,777,216. Tufa kuwa hasken da ya sauka kanta take mayarwa. Shunin da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata, ko turkuɗin Kura da ya sha bugu, launinsa yana sauyawa da motsin mai sanye da shi, daga baƙi-baƙi zuwa ƙyalli mai ja-ja. Lambobi uku ba za su riƙe wannan ba. Haka zaren siliki: ɗinki biyu da zare iri ɗaya, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, launi biyu ido zai gani a rana.

Don haka, a ganin wannan maƙala, wanda zai rubuta umarnin surfani dole ya sa kusurwar ɗinki cikin lissafi kamar yadda yake sa launin zare. Masu aikin hannu sun riga sun san wannan, shi ya sa suke juya allura a kowane ɓangare na ado. Mataki na gaba shi ne a zauna da su a Fagge, a rubuta kusurwoyin da suke zaɓa a kowace siffa, a gwada su a inji kan shadda iri ɗaya.