Babi Na Biyu: Tarihin Kayan Aiki Da Keɓaɓɓun Kalmomin Falakin Rediyo

2.1 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda kayan aikin tashoshin falakin rediyo suka samu. Manufar ita ce a nuna cewa mafi yawan keɓaɓɓun kalmomin fannin daga injiniyoyin sadarwa da na yaƙi aka gado su, don haka mai son fassara su zuwa Hausa sai ya fara sanin asalinsu.

2.2 Mafari

A shekarar 1931 kamfanin tarho na Bell da ke Amurka yana da wani injiniya, Karl Jansky, da aka ɗora wa binciken ƙarar da ke dagula maganar gajeren zango. Ya kafa eriya bisa tayoyin mota domin ta riƙa juyawa, ya saita ta a megahaz 20.5. Baya ga ƙarar tsawa, sai ya ji wani sauti mai maimaituwa kowane awa 23 da minti 56. Da yake wannan shi ne tsawon yinin taurari, na rana kuwa awa 24 ne, sai ya gane cewa sautin daga tsakiyar gungun taurarinmu yake fitowa. Ya buga sakamakonsa a 1933. Daga nan fannin ya gaji kalmomin eriya da risiba da ƙara. A 1973 kuma aka sa wa ma'aunin ƙarfin siginar suna janski.

2.3 Faifai Da Rada

Grote Reber ne ya fara ƙera faifai a bayan gidansu a Wheaton cikin 1937, mai faɗin kimanin mita 9. Aikin faifai shi ne tattaro igiyoyin rediyo ya mayar da su wuri guda inda risiba take. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masanan da suka yi aikin rada sun koma jami'o'i da ragowar kayan soja. Da irinsu Bernard Lovell ya kafa tashar Jodrell Bank a Ingila, inda aka kammala faifai mai mita 76 a 1957.

Dalilin wannan girma shi ne, igiyar rediyo ta fi ta haske tsawon zango nesa ba kusa ba. Misali, iskar haidurojin da aka fara jin siginarta a 1951 tana da zangon santimita 21. Gwargwadon tsawon zango, gwargwadon faɗin faifan da ake bukata kafin a tantance abubuwa biyu makusanta.

2.4 Haɗa Eriyoyi

Faifai yana da iyaka, domin idan ya cika girma nauyinsa kan lanƙwasa shi. Martin Ryle na Jami'ar Kambirij ya ɓullo da dabarar haɗa siginar eriyoyi da dama masu nisa da juna, su yi aiki tamkar ƙaton faifai guda. Wannan ya sa ya samu kyautar Nobel a 1974. Duk da haka ba a daina gina manya ba. Na Arecibo mai mita 305 ya yi aiki daga 1963 har ya rushe a 2020, ƙasar Sin kuma ta buɗe mai mita 500 a 2016.

2.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa kowace kalma ta shigo ne tare da na'urarta. Kalmomi irin su zango da mita da eriya kuwa Bahaushe ya daɗe da saninsu ta hanyar sauraren rediyo. A kansu za a ɗora nazarin babi na gaba.