Lantiy ga mai astigimatizim: abin da ake dubawa kafin a zaɓa

Astigimatizim matsala ce ta siffar ido. Fatar nan mai haske da ke gaban baƙin ido, maimakon ta zama zagayayya daidai, sai ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Haske ba ya taruwa wuri guda, mutum ya riƙa ganin dishi-dishi nesa da kusa, fitilun mota su yi masa jela da dare.

Wanda ba ya son madubin ido na iya sa lantiy, ɗan madubi mai laushi da ake ɗorawa kan ƙwayar ido. Na wannan matsala daban ne, a kwalinsa ana rubuta "torique". Takardar likita na ɗauke da lambobi uku: SPH, CYL da AXE. CYL shi ne girman matsalar, AXE kuwa inda ta karkata, daga digiri 0 zuwa 180. In CYL bai kai 0,75 ba, galibi lantiy na kowa da kowa ya isa.

Wuyar abin na wajen AXE. Lantiy yana yawo kan hawaye, ƙiftawa na juya shi, shi ya sa ake ƙara wa wasu kauri daga ƙasa don su zauna. Idan ya kauce da digiri 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi. A digiri 30 kuwa kamar ba a sa ba. Don haka sai an gwada shi a ido, likita ya duba zamansa. Takardar madubi ba ta wadatarwa, domin babu awon lanƙwasa da faɗin lantiy a cikinta. Idan matsalar ta yi yawa, ko fatar ta gurɓace, mai tauri ya fi gyara gani, ko da yake sabo da shi na ɗaukar kwanaki.

A Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ƙurar hunturu ma abin lissafi ce: tana busar da ido, tana maƙalewa ƙarƙashin lantiy. Na kwana guda, da ake yarwa da dare, ya fi dacewa da ita, sai dai tsada. Na wata yana buƙatar ruwan wankinsa na farmasi. Ruwan famfo ko na rijiya haɗari ne, don yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke cin ido har ta makantar. Ba a kwana da shi, kuma ana sa shi kafin kwalli. Ido ya yi ja ko zafi, a cire shi a nufi likita a ranar.