Celeron 300A: Shekarar da Dokin Talaka Ya Kamo na Sarki

A watan Agusta na shekarar 1998 kamfanin Intel ya fito da furosesa guda biyu. Ɗaya shi ne Pentium II mai gudun megahaz 450, wanda kuɗinsa ya haura dala 600. Ɗayan kuma Celeron 300A, mai gudun megahaz 300, da bai kai dala 200 ba. Ba a daɗe ba masu haɗa kwamfuta da hannunsu suka gano cewa idan aka sauya lamba ɗaya tak a saitin na'urar, mai arahar zai yi gudun 450 daidai, har ma ya kamo mai tsadar a wasanni da ayyuka da dama. Wannan ce aukuwa mafi shahara a tarihin abin da za mu kira ƙara wa furosesa ƙaimi, wato tilasta masa gudun da ya wuce wanda kamfani ya rubuta a jikinsa.

Kafin a fahimci yadda hakan ya yiwu, sai an san cewa furosesa ba shi da wani gudu da aka halicce shi da shi. Agogo ne ke kaɗa masa ganga, shi kuma yana taka rawa da kowane bugu. Megahaz ɗaya na nufin bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. A masana'anta ana ƙera ɗaruruwan furosesa a kan faifan silikon guda, kuma ba sa fitowa daidai wa daida: wani ya jure saurin kiɗa, wani ya rikice. Sai a gwada su, a rarraba su aji-aji. Amma gwaji ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, kasuwa ma tana da ta cewa. Idan masana'anta ta ƙware har yawancin kayanta suka zama nagari, alhali masu neman mai araha sun fi yawa, dole a ɗauki nagarin a manna musu ƙaramar lamba. Wannan tazara tsakanin abin da silikon zai iya da abin da aka rubuta a kwali, ita ce gonar da masu ƙara ƙaimi suke nomawa.

Al'adar ta girmi Celeron. Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutar PC/AT a 1984, furosesanta 80286 yana gudun megahaz 6, kuma wani ɗan kiristal mai megahaz 12 ne ke ba shi kiɗa. Mutane suka riƙa cire kiristal ɗin suna sa mai 16, gudun ya koma 8. IBM bai ji daɗi ba, daga baya ya sa wa BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, wani gwaji da ke hana ta tashi idan agogon ya yi sauri. A 1986 kuma shi da kansa ya fito da AT mai megahaz 8.

A shekarun 1990 gudun furosesa ya zama sakamakon lissafi mai sauƙi: gudun babbar hanyar da ke haɗa shi da sauran sassa, a ninka da wata lamba. Duk wanda ya iya sauya lambar ninkawa ya sauya gudu. Nan 'yan damfara suka samu ƙofa. Sukan sayi mai araha, su kankare rubutun jikinsa, su buga babbar lamba, su sayar da tsada. Da wannan hujja Intel ya kulle lambar ninkawa a 1998. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba za a ce kamfanin bai lura cewa kullin yana kare farashin manyan kayansa ba.

To, an kulle ƙofa ɗaya an bar ɗaya a buɗe. Lambar Celeron 300A ita ce 4.5, a kan hanya mai megahaz 66, abin da ya ba da 300. A shekarar nan kuma Intel ya fitar da rukunin sassa na 440BX, wanda aka ƙera don hanya mai megahaz 100 saboda manyan Pentium II. Ninka 100 da 4.5, ka sami 450. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne 100 gudu ne na ƙa'ida. Masu tura hanyar zuwa 75 ko 83 suna jan hanyar PCI ta wuce megahaz 33 da aka tsara mata, kuma hakan kan lalata bayanan da ke cikin faifan ajiya. A 100 kuwa, allon yana raba gudun gida uku, komai ya zauna inda ya dace. Furosesan kaɗai ke sukuwa.

Akwai kuma wani dalili, wanda ya samo asali daga kunyar da Intel ya sha. Celeron na farko, na watan Afrilun 1998, an fito da shi ba tare da ma'adanar kusa ta mataki na biyu ba, don a rage kuɗi a yi gogayya da AMD da Cyrix. Ya yi nauyin jiki, aka yi ta yi masa ba'a. Don gyara suna, sai aka dasa wa 300A ma'adana mai kilobayit 128 a cikin silikon ɗinsa, tana gudu kafaɗa da kafaɗa da shi. Pentium II yana da 512, ninki huɗu, amma a waje take, kuma rabin gudunsa take yi. Ƙaramin rumbu a tsakar gida ya kusa biyan buƙatar babban rumbu a bayan gari.

Kamfanin Abit na Taiwan ya ci moriyar wannan yanayi da allonsa BH6, wanda ke barin mutum ya sauya gudun hanya da ƙarfin lantarki daga cikin BIOS ba tare da ya buɗe akwati ba. Waɗanda allonsu bai da wannan dama sukan manna ɗan salatif a kan ƙafar furosesa mai lamba B21, allon ya ɗauka Pentium II aka sa masa. Ba kowane 300A ne ke kaiwa ba. Wasu sai an ɗaga musu lantarki daga bolt 2.0 zuwa 2.2, kuma nan haɗarin yake, domin zafi yana ƙaruwa da gudu, amma da ƙarfin lantarki ninkuwa yake yi, yana cin rayuwar silikon a hankali. Garanti kuwa ya tafi tun daga sauyin farko.

Ɓangaren da aka fi mantawa shi ne ma'adanar aiki, wato RAM. Hanya mai 100 tana buƙatar RAM na ajin PC100, kuma a nan mutane da yawa suka fara sanin lambar CAS: bugu nawa ma'adanar ke jira kafin ta miƙo abin da aka nema. A megahaz 100 kowane bugu nanosakan 10 ne, don haka CAS 3 jiran nanosakan 30 ne, CAS 2 kuma 20. Kwatanta da DDR5-6000 mai CAS 30 na yau: jiransa nanosakan 10 ne. Yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa ya ninka sau 60, daga megabayit 800 zuwa 48,000, amma jiran amsar farko rabi kawai ya ragu. Shi ya sa mai kallon babbar lambar kwali kaɗai yakan sayi abin da bai fahimta ba.

Abin da ya biyo baya, a ganina, shi ne mafi ban sha'awa. Kamfanonin ba su murƙushe al'adar ba, saye ta suka yi. A 2000 masu Athlon da Duron na AMD suna buɗe kullin da fensir, suna haɗa wasu 'yan gadoji da gawayinsa. A 2007 Intel ya ƙirƙiro XMP, saitin ƙaimi da aka riga aka rubuta a jikin RAM. A 2008 ya kawo Turbo Boost, inda furosesa ke zaburar da kansa idan zafi ya ba shi dama. Daga 2010 ya soma sayar da masu harafin K, waɗanda lambar ninkawarsu ke buɗe, da ƙarin kuɗi. Abin da aka riƙa samu ta bayan gida ya koma kan kanta da farashinsa. Abit, wanda ya yi suna da wannan sana'a, ya rufe a ƙarshen 2008.

Gasar ba ta mutu ba, ta dai koma ta 'yan tsiraru masu ruwan naitirojin da hiliyom. A 2011 an kai AMD FX-8150 gigahaz 8.4, a ƙarshen 2022 kuma Core i9-13900K ya haye gigahaz 9. Amma ga mai saye na yau da kullum, tazarar ta ƙanƙance, domin kamfani ya riga ya tatse ta tun daga masana'anta. A 2024 Intel ya amince cewa wasu furosesansa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda lantarkin da ke shigarsu ya yi yawa, har a hannun mutanen da ba su taɓa saitin komai ba, ya fitar da gyaran manhaja, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu.