Power Wagon: A-kori-kurar da Amurkawa Suka Hana Ta Mutuwa

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Dodge ya ƙera wa sojojin Amurka motocin da ake kira WC, masu ɗaukar kusan tan ɗaya, fiye da 250,000. Sun sha taɓon Turai, sun sha rairayin Arewacin Afirka. Da aka gama yaƙi sojoji suka koma gonakinsu, Dodge ta gane akwai kasuwa. Sai ta ɗauki ƙashin bayan motar sojan nan, ta ɗora masa kan motar da take ƙerawa tun 1939, ta haɗa da bodi mai tsawon ƙafa 8. A 1946 aka fara sayar da ita da sunan Power Wagon.

Ba a yi ta don gudu ba. Injinta mai silinda shida, lita 3.8, ƙarfin doki 94 kacal yake bayarwa, kuma da ƙyar take wuce kilomita 80 a awa. Amma duk tayoyinta huɗu suna ja, tana da giyar ƙarfi ta hawan dutse da fita daga laka, ga na'urar ja mai igiyar ƙarfe a goshinta. Abin da ya fi burge manomi shi ne sandar da ke fitowa daga akwatin giya tana juya wasu injuna: da ita ake tayar da zarto, da famfon ruwa, da na'urar haƙa ramin shinge. Har garma ana ɗaura mata. 'Yan kwana-kwana na ƙauyuka, da masu gadin daji, da masu kafa turakun lantarki, da ma'aikatan rijiyoyin mai, duk sun riƙe ta hannu bibbiyu.

Shekara 22 ana sayar da ita a Amurka kamanninta ba su sauya sosai ba, ko da yake an ɗan ƙara girman inji a 1961. A 1968 sababbin dokokin tsaron lafiyar masu mota suka tsayar da cinikinta a cikin gida, ko da yake an ci gaba da fitar da ita ƙasashen waje har 1978.

Wannan rashin sauyi shi ya haifi sana'ar farfaɗo da ita. Kayan wata shekara sukan shiga motar wata shekarar, sannan ga tulin kayan gyaran soja, na WC da na ƙanwarta M37, da aka yi ta gwanjonsu. Mutum zai tsinci gawar mota a bayan rumbu, ciyawa ta fito ta cikinta, ɓeraye sun cinye kujera, amma ya san zai samu kusan kowane ƙarfe da take buƙata. A garin Fairfield na jihar Iowa akwai kamfanin Vintage Power Wagons da ke sayar da kayan gyaranta, kuma duk shekara masu motocin kan taru a can, kowa na nuna aikin hannunsa.

Garambawul ɗin na mai haƙuri ne. Ana sauke bodi, a raba kai da shasi, a kankare tsatsa da feshin yashi har sai farin ƙarfe ya bayyana. Daben kan motar da kewayen gilashin gaba, wanda ake turawa waje don shan iska, nan ruwa ya fi yin ɓarna. Sai an yanke an yi walda da sabon ƙarfe. Katakon daben bodi ma sabo ake shimfiɗawa.

Daga nan ne kan masu sana'ar ya rabu. Wasu sun ce a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da batir mai bolt 6. Wasu kuwa so suke su hau babban titi da ita. Su ne ke sauya birki zuwa na faifai, su sa sitiyari mai taushi, su mayar da wuta bolt 12, su canza haƙoran giyar baya don ta ƙara gudu. Injin da suka fi ƙauna shi ne Cummins 4BT, na dizal mai lita 3.9, wanda galibi daga tsofaffin motocin rabon burodi ake ciro shi. Yayansa mai silinda shida, wanda Dodge ta fara sa wa manyan a-kori-kurarta a 1989, ya yi wa wurin tsawo, shi kuwa ƙaramin yakan zauna ba tare da yanke-yanke mai yawa ba. Yana da ƙara da jijjiga, amma ƙarfin jansa ya dace da halin motar.

A batun birki, masu sauyi ne ke da gaskiya. Mota mai nauyin kusan tan biyu da rabi, da birki mai layin mai guda ɗaya, in ya fashe babu sauran abin tsayar da ita, hatsari ce ga duk wanda ke kan hanya. Haka tsofaffin wililinta masu zoben ƙarfe, waɗanda kan yi tsalle su raunata mai faci in ba a zaunar da su daidai ba.

Inda abin ke da ciwo shi ne farashi. Kamfanoni irin su Legacy Classic Trucks suna tsawaita kan motar ya zama mai ƙofa huɗu, su sa kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki, su sayar da ita a kan ɗaruruwan dubban daloli. Aikin yana da kyau, babu musu, sai dai ya ja kuɗin gawar mota ma ya tashi, har ƙaramin bakanike da ɗan manomin da kakansa ya yi noma da irinta suna neman kasa saye. A 2005 Dodge ta dawo da sunan Power Wagon a kan sabuwar Ram 2500, abin da ya ƙara jawo idon masu kuɗi kan tsofaffin da suka rage a gonaki.