Ƙwaro mai ƙona fata: yadda masana suka bi sawunsa

Duk wanda ya saba kwana kusa da fadamar shinkafa a ƙarshen damina, fitila na kunne, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da wannan ƙwaro ba. Siriri ne, tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba. Kansa baƙi, ƙirjinsa ruwan lemo, ga gajerun murafan fukafukai masu sheƙi da suka bar yawancin cikinsa a waje. In an tsokane shi sai ya ɗaga bindi kamar kunama, alhali ba ya harbi, ba ya cizo. Dafin yana cikin jininsa ne. Sai an murƙushe shi a kan fata, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya tashi bororo, ya yi ta raɗaɗi.

Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen rarrabe irin waɗannan ƙwari. A 1758 masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya tattara ƙwari masu gajerun murafai a rukuni ɗaya da ya kira Staphylinus. A 1775 almajirinsa Fabricius, mutumin Denmak, ya lura ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, sai ya ware wasu, har da wannan ƙwaro mai ƙona fata, ya ba su suna Paederus. Bafaranshe Latreille ne ya kafa dangin gaba ɗaya, Staphylinidae, a 1802, kuma yau an san fiye da iri 60,000 a cikinsa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Wilhelm Erichson na Balin. Tsakanin 1839 da 1840 ya fitar da babban littafi a kan dangin, yana bin busassun ƙwari ɗaya bayan ɗaya, yana duba baki da ƙafa da gaɓoɓin ciki. A nan ya siffanta Paederus sabaeus, wanda ya bazu a Afirka. Ya rasu a 1848, bai kai shekara arba'in ba.

A lokacin, wani zai ce aikin marasa abin yi ne. Amfaninsa bai fito ba sai da likitoci suka shigo. A 1901 Vorderman ya ba da rahoton ƙunar fata a tsakanin ma'aikatan wata hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a tsibirin Jaba, inda hasken ke janyo ƙwarin da dare. A 1912 Pirajá da Silva ya ga irin wannan ciwo a Barazil. Ba don sunan da Fabricius ya raɗa ba, wa zai gane cewa masu laifin nan biyu, da ke da tekuna a tsakaninsu, 'yan gida ɗaya ne?

Yanzu an san fiye da iri 600 na Paederus, a kowace nahiya ban da Antatika. Paederus fuscipes, wanda Baturen Ingila John Curtis ya siffanta a 1826, ya mamaye daga Turai har gonakin shinkafar Asiya. A gabashin Afirka kuwa sabaeus da eximius ne suka addabi Kenya da Tanzaniya bayan mamakon ruwan 1997 zuwa 1998. An kuma rubuta ɓarkewar ciwon a kudancin Najeriya. Ko'ina dalilin ɗaya ne: damshi ya yawaita su, hasken lantarki ya kira su cikin ɗakuna.

Shi kansa dafin, masanan Italiya Pavan da Bo ne suka raɗa masa suna pederin a 1953. Sai a 2002 aka tabbatar cewa wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin macen ne ke haɗa shi, ita kuma ta zuba shi cikin ƙwayayenta don gizo-gizo ya ƙyale 'ya'yan. A gona ma ƙwaron abokin manomi ne, domin ƙananan ƙwarin da ke tsotse shinkafa su ne abincinsa.

Damuwata ita ce, yawancin ƙwarin Afirka a Turai aka yi musu suna, kuma a can samfuransu na asali suke ajiye. Ga noman rani na bunƙasa daga Kadawa har Kebbi, ga lantarki na shiga ƙauyuka. Ya kamata jami'o'inmu su tarbiyyantar da matasan da za su san wane iri ne ke wace fadama. Kai kuma mai karatu, in ƙwaron ya sauka a jikinka, hure shi kawai. In kuwa ka riga ka murje shi, yi maza ka wanke wurin da ruwa da sabulu, kuma kada hannun ya kai ido.