Ɗan Bakatsiniya da Sawunsa Ya Ɓace a Ingila

A shekarar 1854 wata maɗaba'a a birnin Detroit na Amurka ta buga wani ɗan littafi da bai kai shafi 70 ba. Tarihin wani mutum ne mai suna Mahommah Gardo Baquaqua, wanda ya ce an haife shi a wani gari da ake kira Zoogoo a can cikin Afirka, aka yaudare shi aka sayar, ya yi bauta a Birazil, ya kuɓuta a New York. A bangon littafin an nuna cewa wani Bature, Samuel Moore, shi ya rubuta ya kuma gyara daga bakin mai labarin. Littafin bai yi tashe ba. Ya shafe sama da shekara ɗari a kwance a ɗakunan ajiye littattafai, ba mai waiwayarsa sai ɗaiɗaiku.

Duk wanda ya ɗauke shi yana da dalilin yin shakka. Zamanin yaƙi da bauta ne, ana buga labaran bayi don a motsa zukata, har an taɓa janye wani irinsa daga kasuwa, na James Williams a 1838, da aka kasa tabbatar da sunayen da ke ciki. Ga shi kuma rabin farko na littafin Baquaqua muryar Moore ce tsantsa, yana bayanin Afirka da bakin mai wa'azin mishan, yana tausaya wa mutanen da bai taɓa gani ba. Wasu sunayen garuruwan ma ba su yi kama da abin da ke taswirar lokacin ba. To ina Zoogoo? Akwai mutumin kuwa, ko an ƙaga shi ne?

Allan Austin ya sake buga labarin a 1984 cikin littafinsa kan Musulmin Afirka da aka bautar a Amurka. Amma waɗanda suka bi diddigi har ƙarshe su ne Robin Law da Paul Lovejoy, a bugun da suka fitar a 2001. An yi dace da haɗuwar nan. Law ya shafe shekaru yana bincike a kan Dahomey da tashar bayi ta Ouidah. Lovejoy kuwa fataucin goro na Hausawa ya karanta, ya zauna a Kano yana hira da jikokin fataken Gwanja. Ɗaya ya san hanyar teku, ɗaya ya san hanyar ayari, Baquaqua kuma duka biyun ya taka.

Sunayen da suka rikita Turawa su ne suka zama shaida. Moore da kunnen Ingilishi ya ji su, da haruffan Ingilishi ya rubuta, amma in ka furta su da baki sai su miƙe tsaye. Zoogoo ita ce Zugu, wadda taswira ke kira Djougou a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Kashna, garin mahaifiyarsa, Katsina ce. Berzoo, inda mahaifinsa ya fito, ƙasar Bargu ce. Sal-gar, inda kawunsa maƙeri yake da gida, Salaga ce, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Jera su ka gani: Katsina, Bargu, Zugu, Salaga. Hanyar nan ce madugai suka yi ƙarni suna bi da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Zugu zango ce a tsakiyar hanyar, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da Bakatsiniya tana aure a can, ɗan'uwanta kuma yana da gida a Salaga. Baturen da ke zaune a Amurka a 1854 da wuya ya samo wannan jeri. Ko Heinrich Barth, wanda ya bayyana wa Turai hanyoyin nan dalla-dalla, a lokacin bai ma koma gida ba, littafinsa sai 1857 ya fara fitowa.

Sauran ƙananan abubuwan ma sun zauna daidai. Ƙidayar da ya kawo a littafin ta harshen Dandi ce, ɗan'uwan Zabarmanci, harshen 'yan kasuwar Zugu. Ya ce bayan tagwaye aka haife shi, sunan Gado kuwa a can na wanda ya biyo bayan tagwaye ne, kamar Gambo a wurinmu. Ya ba da labarin yaƙi a Daboya, inda aka kama shi aka fanso shi tun kafin kamun da ya raba shi da gida. Bai ɓoye aibinsa ba: ya ce ya riƙa gudun makarantar allo, ya zama yaron wani basarake, ya saba da giya, kuma da giyar aka ja shi wani ƙauye aka bugar da shi, ya farka a ɗaure. Wannan wurin yana da ɗaci, domin ba Bature ne ya fara ɗaure shi ba. Mutanen da ya sani ne, waɗanda suke jin haushin kusancinsa da mai gidansa.

Daga nan aka gangara da shi kudu hannu zuwa hannu har gaɓar teku kusa da Ouidah, wajen 1845. Aka sa shi a jirgi tare da wasu bayi, a Pernambuco ta Birazil aka sauke su a ɓoye, tun da dokar Birazil ta 1831 ta haramta shigo da bayi, ko da yake ba a bin ta. Wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sa shi ɗaukar duwatsu da tallar burodi, in bai sayar ba bulala. Ya yi yunƙurin hallaka kansa a ruwa aka tsamo shi. Daga baya aka sayar da shi ga wani matuƙin jirgin ruwa a Rio de Janeiro.

A nan ne takardun wasu suka fara magana. Jaridun New York na 1847 sun ba da labarin jirgin Birazil mai suna Lembrança, wanda ya iso a watan Yuni ɗauke da kofi, da bayin da masu adawa da bauta suka kai maganarsu kotu. Sunan Baquaqua bai fito ba, sai José da Costa, sunan da aka laƙaba masa daga na mai jirgin, Clemente José da Costa. Alƙalai biyu suka yanke cewa ma'aikatan jirgi ne, a mayar da su bisa yarjejeniyar Amurka da Birazil. A daren 9 ga Agusta shi da abokin bautarsa suka ɓace daga gidan yarin titin Eldridge, inda aka tsare su. Mai gadi ya ce barci ne ya ɗauke shi. Abin da littafin ya faɗa da abin da jaridu suka buga shekara bakwai kafin fitowarsa sun haɗu.

Aka fitar da shi ta Boston zuwa Haiti, inda wani ɗan mishan, William Judd, ya ɗauke shi. A 1848 aka yi masa baftisma. Mai karatu Musulmi zai tsaya a nan, ni ma na tsaya. Saurayi ne da ba ya jin harshen ƙasar, yana kwana a titi cikin yunwa da ciwo, kuma gida ɗaya ne ya buɗe masa ƙofa. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani. Abin da ke takarda shi ne ya yar da José, ya riƙe Mahommah har ƙarshe.

Wasiƙunsa da aka haɗa a bugun 2001 su suka warware batun wanda ya mallaki labarin. Ya rubuta su ne lokacin da yake karatu a kwalejin McGrawville ta jihar New York, daga 1850 zuwa 1853, da kuma bayan nan. Ingilishinsu a karye yake, ba irin mai santsi na littafin ba, wato gyaran harshe na Moore ne. Amma damuwar da ke cikinsu ita ce ta littafin, kuma ba ta sauyawa: yana neman kuɗin jirgi, yana roƙon a tura shi mishan ɗin Mendi a Saliyo, yana son ya ga mahaifiyarsa. Haƙƙin mallakar littafin ma da sunansa aka yi rajista a Michigan, ba da sunan Moore ba. A ganina guzuri yake nema da littafin, kamar yadda bafatake kan sayar da abin hannunsa a zango don ya ƙarasa gida.

A farkon 1855 ya shiga jirgi zuwa Liverpool. Magana ta ƙarshe a kansa ta fito ne a 1857, a bayanan ƙungiyar mishan ɗin da ta raine shi: yana Ingila, har yanzu yana neman hanyar Afirka, ƙungiyar kuma ba ta shirya tura shi ba. Hanyar kuwa tana nan a buɗe. Jiragen kasuwanci suna tashi daga Ingila zuwa Saliyo da Ikko, kuma a shekarar ce jirgin Dayspring ya bar Liverpool zuwa kogin Kwara, a tafiyar William Baikie da ke buƙatar masu jin harsunan cikin ƙasa. Mai son ci gaba da binciken, rajistar fasinjojin Liverpool da kundin majami'un Freetown da Ikko ne a gabansa, sai kuma tsofaffin gidajen unguwar fatake a Zugu, inda ake iya samun wanda kakarsa ta taɓa ambaton wani Gado da aka sayar.